Squalus da Thetis: Ƙissar Jirage Biyu da Suka Nutse a 1939

Daga cikin sana'o'in da ɗan Adam ya ƙago wa kansa tun ranar da ya fara hawa ruwa, da wuya a sami wadda ta kai aikin jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku buƙatar kiyaye ƙa'ida, domin sauran ma'abota jirage duka himmarsu ita ce su hana jirginsu nutsewa, alhali su waɗannan da gangan suke nutsar da nasu, suna masu sakankancewa cewa abin da suka saukar da hannunsu za su iya ɗago shi da hannunsu. Galibin dokokin da ake karantar da almajiran wannan sana'a a yau, tun daga ladabin buɗe murfi har zuwa tsarin kiran agaji, kowace ɗaya tana da ranar da aka fanshe ta da rayukan mutane, kuma da yawa daga cikin ranakun nan sun faɗo ne a lokacin zaman lafiya, kusa da gida, babu maƙiyi ko ɗaya a sararin teku. Shekarar 1939 ta fi kowace shekara bayyana wannan al'amari, saboda a cikinta, 'yan watanni kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, sababbin jirage biyu, ɗaya na Amurka ɗaya na Ingila, suka nutse a wurin gwaji, kwana 9 kacal tsakaninsu. Wanda ya faɗa wuri mai zurfi an tsamo duk wanda ya saura da rai a cikinsa. Wanda kuwa wutsiyarsa ta tsaya a sarari, har mutane suka hau ta suna ƙwanƙwasawa, ya tafi da mutum 99.

Kafin a shiga ƙissar, ya kamata mai karatu ya san siffar abin da ake magana a kansa. Jirgin ƙarƙashin teku na wancan zamani dogon bututu ne na ƙarfe mai kauri, an kewaye shi da tankuna, kuma hikimarsa ba ta wuce ta goran masunta ba, wanda muddin iska ce a cikinsa yana ɗauke da mutum a kan ruwa, in kuwa ruwa ya maye gurbin iskar sai ya yi ƙasa. Idan ana son nutsewa sai a saki iskar tankunan ruwa ya shiga, idan ana son tasowa sai a hura musu matsattsiyar iska ta kori ruwan. A saman ruwa injunan dizal ke tafiyar da jirgin, su kuwa ba sa aiki sai da iska mai yawa, don haka aka yi musu wani babban bututu da ke shaƙo ta daga waje. A ƙarƙashin ruwa kuma manyan batura ke juya farfela. A goshinsa akwai bututan harba tofido, bam ɗin nan mai tafiya da kansa a cikin ruwa, kowane bututu da ƙofa biyu, ta waje mai kallon teku da ta ciki mai kallon mutane, kuma haramun ne a kowane hali su kasance a buɗe lokaci guda. An raba cikin jirgin ɗaki-ɗaki da ƙyamaren ƙarfe waɗanda ruwa ba ya ratsawa, don in ɗaki ɗaya ya cika a tsirar da sauran. Duk kafar da aka huda a jikin jirgin saboda wata maslaha, ita ce kuma kafar da ajali zai iya biyowa, kuma jiragen nan biyu duka ta irin wannan kafa ruwa ya shige su.

A farkon zamanin sana'ar, jirgin da ya kwanta a ƙasa ya kasa tashi ya zama kabari ke nan, ko da na cikinsa suna numfashi, domin dabarar da aka sani ita ce a ɗago jirgin ɗungurungum da sarƙoƙi, aikin da ke cin makonni ko watanni, alhali iskar da ke ciki ba ta wuce ta 'yan kwanaki. A watan Satumba na 1925 wani jirgin fasinja mai suna City of Rome ya banke jirgin Amurka mai lamba S-51, mutum 33 suka halaka. Bayan shekara biyu, ranar 17 ga Disamba 1927, jirgin masu tsaron gaɓa mai suna Paulding ya bi ta kan S-4 kusa da garin Provincetown, ya nutse da mutum 40 a zurfin kimanin ƙafa 100. Shida daga cikinsu sun rayu a ɗakin gaba, 'yan nutso suka sauka suka ji su suna buga jikin jirgin bisa haruffan tangarahu, suna tambaya ko da sauran fata. Amma hadari ya taso, igiyar ruwa ta kori masu ceto, jama'ar Amurka suka yi ta bin labarin a jaridu kwana bayan kwana har bugun ya yanke. Wannan abin kunya ya tayar da hankalin wani matashin hafsa, Charles Momsen, wanda yana cikin waɗanda suka fita neman S-51, kuma tun a lokacin ya rubuta wa manyansa shawara aka ajiye ta a gefe. Da farko ya ƙago wata jakar roba da mutum zai rataya a ƙirji ya yi numfashi a cikinta yayin da yake tasowa, sa'an nan ya koma kan tsohuwar shawararsa, wato akwatin ƙarfe da za a saukar daga sama ya zauna daram a kan murfin jirgin da ya nutse, a buɗe, mutane su shiga a busshe. Wani hafsa, Allan McCann, ya kammala gyaran akwatin, aka sa masa sunansa, aka rarraba shi ga jiragen ceto, aka kuma horar da mutanen da za su sarrafa shi, ya zauna shekara da shekaru ba a buƙace shi ba.

Ingila kuwa ta bi wata hanya dabam. Robert Davis na kamfanin Siebe Gorman ya ƙera na'urar numfashi irin ta mutum ɗaya, kuma a watan Yuni na 1931, lokacin da jirginsu Poseidon ya yi karo da wani jirgin kaya a gaɓar ƙasar Sin ya nutse, wasu 'yan mutane suka fito da ita da ransu. Daga nan Hukumar Sojan Ruwa ta Ingila ta yanke hukuncin cewa kuɓutar da ma'aikata tana hannun ma'aikatan kansu, ta sa aka riƙa gina ƙananan ɗakunan fita a cikin sababbin jirage, inda mutum zai shiga, a cika ɗakin da ruwa har nauyinsa ya daidaita da na waje, ya ture murfi ya taso. Da haka sana'ar ta rabu mazhaba biyu, kowace da hujjarta. Ingilishi suna cewa a lokacin yaƙi babu jirgin ceto da zai zo ya tsaya a kan gawar jirgi a ruwan abokan gaba, kuma tekunsu mai ƙarfin igiya ne. Amurkawa suna cewa mutumin da ya kwana cikin sanyi da gurɓatacciyar iska ba shi da sauran ƙarfi ko hankalin ceton kansa, dole wani ya je masa. Ba a daɗe ba aka jarraba mazhabobin biyu.

Squalus sabon jirgi ne, an ƙera shi a ma'aikatar sojan ruwa ta Portsmouth, a arewa maso gabashin Amurka, shugabansa kuwa Laftanar Oliver Naquin. Da safiyar 23 ga Mayu 1939 ya fita gwajin nutsewa cikin gaggawa kusa da tsibiran Shoals, da mutum 59 a ciki. Fitilun allon da ke nuna halin kowace kafa duka sun nuna kore, alamar an rufe, amma bawul ɗin babban bututun da ke kai wa injuna iska bai zauna ba, ruwa ya kwararo ɗakunan baya kamar an fasa madatsa. A nan wani ma'aikacin lantarki, Lloyd Maness, wanda ke tsaye a ƙofar da ta raba tsakiyar jirgin da bayansa, ya gamu da mas'alar da malaman fiƙihu ke kira ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu, ba a kan takarda ba: ya riƙe ƙyauren har wasu 'yan'uwansa suka kutso, sa'an nan ya ja shi ya rufe, yana sane da cewa akwai mutane a bayansa. Wani kuma, Lawrence Gainor, ya rarrafa cikin ramin batura ya katse wuta kafin su kama. Jirgin ya kwanta a zurfin ƙafa 243, wato mita 74, mutum 26 sun riga mu gidan gaskiya nan take, 33 suna raye a cikin duhu.

Abin da ya biyo baya shi ne amfanin shekarun da aka yi ana shiri. Da lokacin da ya kamata Squalus ya aiko da saƙo ya wuce, shugaban ma'aikatar, Admiral Cyrus Cole, bai tsaya jira ba, ya tura ɗan'uwan jirgin, Sculpin, ya bi sawunsa. Sculpin ya hango jan hayaƙin da na ƙasa suka harbo, ya tsinci ƙwallon alama mai ɗauke da tarho, shugabannin biyu suka yi 'yar magana kafin igiyar ruwa ta tsinka wayar. Naquin ya hana mutanensa gwada jakar numfashi saboda sanyin ruwa da zurfinsa, ya umarce su su kwanta su lulluɓa, su rage magana da motsi, aka barbaɗa garin da ke tsotse mugunyar iskar da mutum ke fitarwa. A wannan dare jirgin ceto Falcon ya taso daga New London cikin hazo da akwatin McCann a bayansa, Momsen kuma ya taso daga Washinton da 'yan nutsonsa. Da hantsin 24 ga wata ɗan nutso Martin Sibitsky ya sauka ya ɗaura igiyar ƙarfe a murfin ɗakin gaba, akwatin ya bi igiyar ya sauka, ya zauna, aka buɗe. Sawun farko ya fito da mutum 7, na biyu 9, na uku 9. A sawu na huɗu, wanda ke ɗauke da mutum 8 na ƙarshe har da Naquin, igiyar ƙasa ta sarƙe, ta sama kuma aka tarar ta tsittsinke saura zare ɗaya. Sai Momsen ya sa masu sarrafa akwatin su riƙa sakin ruwansa kaɗan-kaɗan har nauyinsa ya kusa daidai da na ruwan teku, ya jera mutane a kan Falcon suka riƙa jan igiyar da hannu, suna saki idan igiyar ruwa ta ɗaga jirgin, suna ja idan ta sauke shi. Bayan tsakar dare akwatin ya ɓullo, kimanin sa'a 39 bayan nutsewar. An sake saukar da shi a kan murfin baya don a tabbatar, aka tarar ruwa ne cike. 'Yan nutso huɗu, William Badders da Orson Crandall da James McDonald da John Mihalowski, sun sami lambar girma mafi ɗaukaka ta ƙasarsu saboda wannan aiki da wanda ya biyo bayansa.

Jaridun Ingila ba su gama yabon wannan nasara ba sai ga tasu musibar. Thetis jirgi ne da kamfanin Cammell Laird ya ƙera a Birkenhead, a ƙetaren kogin Mersey daga Liverpool, tsawonsa ƙafa 275, shugabansa Guy Bolus. Ranar 1 ga Yuni ya fita gwajin nutsewa a mashigin Liverpool ɗauke da mutum 103, kusan ninki biyu na adadin da aka tsara masa, domin ban da sojojinsa akwai ma'aikatan kamfani, da hafsoshi 'yan kallo, da jagoran kogi, har da masu raba abinci. Rakiyarsa kuwa jirgin ja ne guda ɗaya, Grebe Cock, mai raunin na'urar sadarwa. Da aka buɗe tankuna bayan azahar jirgin ya ƙi nutsewa, ya yi rashin nauyi a gaba, sai hafsan tofido, Laftanar Frederick Woods, ya tafi duba ko bututan da lissafi ya ce suna cike da ruwa da gaske suna cike. A jikin ƙofar ciki ta kowane bututu akwai ɗan famfo na gwaji, wanda in an murɗa shi ruwa ya tsarto an san kada a buɗe. Woods ya murɗa na bututu na 5, ko ɗigo bai fito ba. Abin da bai sani ba shi ne, makonni kafin haka, mai fenti a ma'aikata ya shafe cikin ƙofar da fenti mai kauri, fentin ya toshe 'yar kafar famfon ya bushe, kuma ba a zura tsinken da aka tanada don share ta ba. Ƙofar waje ta bututun kuwa a buɗe take, kuma tsarin hannuwa da alamomin ƙofofin yana da ruɗarwa ga mai dubawa cikin ƙunci. Da aka kwance ƙofar ciki sai teku ya shigo ta rami mai faɗin inci 21. Mutane suka ja da baya, wani ɗan maƙalin ƙarfe ya hana ƙyauren farko rufuwa, ɗaki biyu suka cika maimakon ɗaya, goshin jirgin ya soki laka a zurfin ƙafa 150.

Daga wannan sa'a duk abin da ya tafi daidai a Portsmouth ya tafi a karkace a Liverpool. Hafsan da ke kan jirgin ja ya ga yadda Thetis ya lume farat ɗaya, zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma don gudun tayar da hankali a banza sai ya aika da saƙo mai laushi yana tambayar tsawon lokacin da aka ɗiba wa nutsewar, saƙon kuma bai isa hedkwatar jiragen a Gosport ba sai da yamma. Kafin nan igiyar ruwa ta janye jirgin ja daga wurin, aka ba masu nema wurin da ba shi ba, dare ya yi ba a ga kome ba. Jirgin 'yan nutso na soja, Tedworth, yana can Scotland, kuma sai da ya tsaya ɗibar kwal kafin ya kamo hanya. A ƙasa kuwa mutane ba su zauna ba: sau uku aka gwada shiga ɗakunan da suka cika don a rufe ƙofar bututun, nauyin ruwa ya mayar da masu gwadawa, sai suka kwana suna fitar da mai da ruwan sha daga tankunan baya, har da asuba wutsiyar jirgin ta ɗago ta fito sarari. Wannan aiki mai wuya, da yawan masu numfashi a wurin da ya ragu, ya cinye iskar da sauri fiye da ƙima. Sai wajen ƙarfe 8 na safiyar 2 ga Yuni jirgin yaƙi Brazen ya hango wutsiyar. Kyaftin Harry Oram, babban hafsan da ke cikin 'yan kallo, ya fito ta ɗakin fita tare da Woods, da takardar bayanin abin da ake buƙata ɗaure a hannunsa don ko ya mutu a hanya a karanta. Da aka ga lokaci yana ƙurewa sai aka cusa mutum huɗu a ɗakin da aka gina don biyu, uku suka mutu a ciki. Bayan haka Walter Arnold, ma'aikacin inji, da Frank Shaw, ma'aikacin kamfani, suka fito, suka ba da labarin cewa na ƙasa sun fara kwanciya, hankalinsu yana gushewa. Daga su ba wanda ya sake fitowa. Jirgin hukumar tashar Mersey, Vigilant, ya ɗaura wa wutsiyar igiyar ƙarfe, ana jiran kayan yankan ƙarfe da suka makara, ruwa ya juyo da ƙarfinsa, wajen ƙarfe 3 na rana igiyar ta tsinke, Thetis ya nutse gaba ɗaya a gaban jiragen da suka kewaye shi.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa akwatin McCann, ko da yana Liverpool a ranar, da wuya ya zauna a kan jirgin da ke tsaye a karkace cikin ruwa mai gudu, kuma Squalus ya yi sa'ar kwanciya kusan a miƙe cikin yanayi mai dama. Amma wanda ya auna ƙissoshin biyu da ma'aunin insafi zai ga cewa bambancinsu bai tsaya ga na'ura ba, kuma ba a jaruntaka yake ba, domin mutanen Thetis sun yi abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. A Amurka an san wanda zai ba da umarni, an san inda akwati yake da waɗanda za su shige shi, an kuma ɗauki shirun jirgi a matsayin musiba tun sa'ar farko har sai an tabbatar da akasin haka. A Ingila jirgin bai gama fita daga hannun kamfani zuwa hannun soja ba, umarni ya rarrabu tsakanin Gosport da Plymouth da Landan da Birkenhead, kowa yana kyautata zato yana jiran wani, aka yi asarar wajen sa'a 17 kafin a san ma inda jirgin yake, alhali ran mutum 103 da sa'o'i ake lissafa shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Momsen ya fafe nasa tun shekara goma kafin a buƙace shi. Kafin watan ya ƙare, ranar 15 ga Yuni, jirgin Faransa mai suna Phénix ya nutse a gaɓar ƙasar da ake kira Biyetnam a yau da mutum 71, ba a tsirar da ko ɗaya ba.

Dukkan jiragen biyu an ɗago su, kuma abin da ƙaddara ta yi da su daga baya yana cikin abubuwan al'ajabi na tarihin teku. Squalus ya ci wa masu aiki wata uku da 'yan kai, inda 'yan nutson Momsen suka yi amfani da iskar hiliyam gauraye da oksijin don kauce wa mayen da zurfi ke jawo wa mai shaƙar iska ta yau da kullum; aka shigo da shi Portsmouth ranar 13 ga Satumba, aka gyara shi aka sake masa suna Sailfish. A watan Disamba na 1943 Sailfish ya nutsar da jirgin Japan mai ɗaukar jiragen sama, Chuyo, bai san cewa a cikinsa akwai fursunoni 21 daga ma'aikatan Sculpin ba, jirgin nan da ya gano shi a ranar baƙin cikinsa. Mutum ɗaya kaɗai ya tsira daga cikinsu. Thetis kuwa, bayan wani ɗan nutso ya rasu a aikin ɗago shi, an jawo shi gaɓar tsibirin Anglesey ranar 3 ga Satumba 1939, ranar da Ingila ta shelanta yaƙi da Jamus, don haka labarinsa ya nutse a cikin labarin da ya fi shi girma. An binne 44 daga cikin mamatan a kabari ɗaya a Holyhead. An sake wa jirgin suna Thunderbolt, ya yi yaƙi, a watan Maris na 1943 ya ɓace a Bahar Rum da duk wanda ke cikinsa.

Saura mas'alar alhaki, wadda ta fi ɗago jirgi wuya. Kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Bucknill ya jero sabubban musibar ɗaya bayan ɗaya, tun daga fenti har zuwa jinkirin agaji, bai ɗora laifin a wuyan mutum ɗaya ba. A Birkenhead kuwa, inda kusan kowace unguwa ta yi makoki, zargi ya daɗe a bakin mutane cewa an fifita lafiyar jirgi a kan rayukan na cikinsa. Matan mamata suka kai ƙara suna neman diyya, suka nemi a fito da takardun ƙirar jirgin da na kwangilarsa, Hukumar Sojan Ruwa ta ce sirrin ƙasa ne, kuma a 1942 Majalisar Lords, wadda ita ce kotun ƙoli a wancan zamani, ta hukunta a shari'ar Duncan da Cammell Laird cewa idan minista ya rantse fitar da takarda zai cutar da maslahar jama'a, alƙali ba shi da ikon dubawa. Wannan hukunci ya zama ƙa'ida a shari'ar Ingila har 1968, lokacin da majalisar ta dawo wa alƙalai da ikon auna irin wannan da'awa da kansu. A 1946 aka wanke Woods daga tuhumar sakaci, ƙarar ta ƙare ba a ɗora wa kowa lamuni ba. Abin da ya tabbata a hannun ma'aikata shi ne wani ɗan maƙali da aka ƙara a ƙofar ciki ta bututun tofido, wanda ke hana ta buɗewa fiye da ɗan tsagi har sai an ga babu ruwa a bayanta, kuma har yau da sunan Thetis ake kiransa a jiragen Ingila.

Nasarar Squalus ma tana da iyakarta, kuma an ga iyakar ranar 10 ga Afrilu 1963, lokacin da Thresher, jirgi mai aiki da makamashin nukiliya wanda ma'aikatar Portsmouth ɗin nan ta ƙera, ya nutse da mutum 129 a wurin da zurfinsa ya kai ƙafa 8,400. Jirgin ceto Skylark yana tsaye a samansa yana jin muryarsa ta ƙarshe, amma akwatin McCann ba ya wuce ƙafa 850, kuma tun kafin jirgi ya kai irin wannan zurfi nauyin ruwa ya riga ya murƙushe shi. Masu bincike sun rinjayar da cewa haɗin wani bututu ne ya ɓalle a ɗakin inji, injin nukiliya ya tsaya, ƙanƙara kuma ta toshe hanyar iskar da za ta kori ruwan tankuna. Tun daga nan aka ci gaba da kyautata kayan ceto, aka ƙera ƙananan jiragen da ke nutsewa su ɗauko mutane, kuma bayan halakar Kursk na Rasha da mutum 118 a shekarar 2000, inda aka yi jinkirin karɓar taimakon waje, ƙasashe suka kafa ofishi na haɗin gwiwa don kiran agaji, har a 2005 wata na'urar Ingila ta je gaɓar Kamchatka ta kuɓutar da Rashawa 7. Sai dai mafi yawan teku ya fi ƙarfin kowane mai ceto, kamar yadda San Juan na Ajantina a 2017 da Nanggala na Indunusiya a 2021 suka sake nunawa.

Saboda haka nauyin sana'ar ya koma inda ya kamata ya kasance tun farko, wato ma'aikatar ƙira da gyara. Bayan Thresher sojan ruwan Amurka suka kafa tsarin da suke kira SUBSAFE, wanda ya shar'anta cewa duk wani bututu, ko bawul, ko walda da ruwan teku zai taɓa, sai an san wanda ya ƙera shi, da wanda ya ɗaura shi, da wanda ya gwada shi, kowa ya sa hannu a takarda, kuma jirgi ba ya nutsewa sai takardun sun cika. Daga 1915 zuwa 1963 sun yi asarar jirage 16 ba a fagen yaƙi ba. Daga 1963 zuwa yau guda ɗaya suka rasa, Scorpion a 1968, shi ma bai riga ya sami shaidar wannan tsari ba. Malamanmu sun daɗe suna rarrabe tawakkali da sakaci, suna cewa riƙo da sababi ba ya warware imani da ƙaddara, kuma ajali ko da yake yana hannun Mai Shi, amana tana wuyan wanda aka damƙa wa. Mai fentin Birkenhead bai yi nufin cutar da kowa ba, ya yi aikin da aka sa shi, mai duba aikinsa ya duba ya wuce, alhali 'yar kafar nan da fenti ya toshe ita ce idon mutum 103. Aikin da aka ɗora wa masu wannan sana'a tun daga lokacin shi ne su tabbatar mafi ƙanƙantar ma'aikaci a cikinsu ya san abin da ke rataye a kan aikin hannunsa, kuma a sami wani na biyu da zai duba bayansa, ya sa sunansa.